Na Kai Allurar Shanu Rugar Arɗo Buba Da Sanyinta

Batsari

Ina idar da sallar asuba na ɗauki kulata na nufi tasha. Ni malamin dabbobi ne, abin da ke cikin kular kuwa kwalaben rigakafin ciwon huhu ne na shanun Arɗo Buba da mutanensa, can bayan Safana. Wannan allura sanyi ne ranta, in ta ɗumama ta zama ruwan banza. Bara wani ya kai musu wadda ta lalace, shanu suka mutu, Fulanin suka rantse ba mai ƙara taɓa musu dabba. Da kyar na shawo kan Arɗo ya ce in zo. In na kai masa mai ɗumi, ni da rugar nan har abada.

Mako guda ba mu ga ƙyallin wuta a unguwarmu ba, don haka ƙanƙarar da na samu 'yar kaɗan ce, wadda za ta kai ni azahar.

A hanya

Na sami a-kori-kura cike da buhunan gero, na zauna gaba na rungume kula kamar jariri. Muna wuce shingen farko gardama ta kaure. Wani dattijo ya ce lokacin da wuta ke hannun gwamnati an fi ganinta. Direba ya ce, "Baba, da can duhu kyauta ne, yanzu da aka ba 'yan kasuwa, duhun ma sai an kawo maka takardar biya!" Dattijon ya ce ai an ce za a gina babbar tashar wuta. Direba ya ce tun yana yaron mota yake jin labarinta.

Ina cikin dariya motar ta yi tari ta mutu. Haushi ya kama ni, na yi ta jan kula daga inuwar wannan bishiya zuwa waccan. Ba mu shiga Safana ba sai bayan la'asar, kuma babu mai babur da zai shiga da kai daji a irin wannan lokaci.

Safana

Na buɗe kula, ƙanƙara ta koma ruwa, saura 'yan guntaye. Na ruga wani ofishi inda na san akwai firji sabo fil. Mai gadi ya buɗe mini shi, sai ga takalmansa da kwanon abincinsa a ciki. "Malam, wuta ba ta taɓa shiga cikinsa ba, ɓera ma bai shiga," in ji shi.

Nan na tuna da Gwaggo Delu, ƙanwar mahaifina, mai sayar da zoɓo a nan Safana. Ta sayar da raguna biyu ta sa sola a rufin ɗakinta, har dangi muka yi ta yi mata tsiya wai ta tsufa da son zamani. Na nufi gidanta, bayan mun gaisa na faɗa mata abin da ke tafe da ni. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ɗan nan, ma'aikacin gwamnati guda, ka zo roƙon sanyi wurin tsohuwa?"

"Gwaggo, a rufa mini asiri."

Firizarta maƙil take da zoɓon kasuwar gobe. Ta kwashe rabi ta rarraba wa maƙwabta, ta daskarar mini da ruwa a leda, kwalaben kuma na ajiye su ta inda ba za su daskare ba. Ta ba ni tuwon dawa da miyar kuka, tana ta ja mini kunne kada in ƙara yi wa solarta dariya.

Ruga

Da hantsi mai babur ya sauke ni bakin ruga. Maza sun taru, sanduna a kafaɗa, shanu kuwa an kora su nesa. Arɗo ya amsa gaisuwata sama-sama, ya ce in buɗe. Ya tura hannu ya ciro kwalba, ya manna ta a kumatunsa. Sannan ya miƙa wa na kusa da shi, ta yi ta zagaya kumatu har ta dawo hannuna.

Arɗo ya juya ya ce, "Ku koro su. A fara da nawa."

Wallahi ban san sanda na yi kabbara ba! Na yi ta allura har hannuna ya sage, ban bar ko maraƙi ɗaya ba.

Kafin magariba ina Batsari. Na iske gidanmu cikin duhu kamar yadda na bar shi, na zauna a tabarma ina ta murmushi ni kaɗai. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, Gwaggo Delu kuwa Allah ya saka mata da alheri, ya ƙara wa rufin ɗakinta rana.