Goggo Hajo da Jikokinta Biyu

Ranar kasuwar Batsari ce, da kakar gyaɗa, a shekarar da aka sa ni elementare, zamanin Turawa. Mun taso daga Karare da kakarmu Goggo Hajo, ni da ƙanena Lawal da ɗan baffanmu Iro. Muna isa rumfar mahauta mai kalangu ya saki kiɗa. Iro ya hau rawa, Lawal kuwa ya toshe kunnuwa ya zube ƙasa yana ƙara. Mutane suka taru, ana cewa iska ce. Goggo ta lulluɓe Lawal da mayafinta, ta kai shi gindin wata tsamiya can bayan kasuwa, ta zauna har ya yi shiru.

A garinmu kuɗin goro ake yi wa yaran nan, a ce wawaye ne. Har iyayenmu maza sun shirya kai su wurin mai magani a yi musu hayaƙi, Goggo ta hana. Ta ce ita ta goye su, ba abu ɗaya ke damunsu ba. Iro ga fara'a, ga gaisuwa, kullum yana cikin 'yan langa, amma abin da aka biya masa a allo da safe, kafin la'asar ya zube. Lawal kuwa ji ɗaya yake wa sura ya riƙe, sai dai ba ya kallon idon mutum, ba ya amsa kira, ya fi son ya wuni bayan rumbu yana jera ɓawon gyaɗa, kuma idan aka sauya masa akushi ba zai ci tuwo ba. Takan ce, "Iro na son karatu, karatu na gudunsa. Lawal kuwa duniya ce ta yi masa ƙara."

Don haka kowa da yadda ta bi da shi. Iro ta riƙa maimaita masa Fatiha tana sussukar gero, ba tsawa ba duka, har surar ta zauna masa. Lawal ta kai shi wurin wani masaƙi marar surutu, ta roƙa kada a tilasta masa magana. Iro ya girma ya yi noma, ya tara iyali. Lawal bai yi aure ba, amma har daga Tsaskiya ake zuwa neman saƙarsa.

Yanzu likitoci na kiran irin na Lawal otizim, na Iro kuma nauyin koyo, har da makarantunsu a birni. Sai dai samun wanda zai zauna ya lura da yaro har ya gane shi ya yi wuya. Allah Ya jiƙan Goggo, ta san jikokinta.