Silifa a Ƙofar Banɗaki

A shagon wanki da guga na kan kwanar layinmu, Guguwa ake kiran yayata, saboda sauri. Kafin abokiyar aikinta ta gama hannun riga, ita ta ninke tata ta jawo wata, tana waƙa, tana tsokanar masu kawo kaya. Ɗakin gugar nan kuwa, Allah ya kiyaye! Tururi da zafin dutsen guga, in na leƙa sai na fito ina haki. Ita tun tana budurwa take ciki, a kan teburin da innarmu ta tsaya kafin ta rasu.

Ni ce auta, tela ce ni, kuma ban taɓa sanin Inna da lafiya ba. Innar da na sani mace ce mai nauyin jiki da kumburarriyar fuska, murya a dishe, in ta yi magana kamar yanzu aka tashe ta daga barci. Ko ana ƙwalla rana tana cikin wata rigar sanyi ruwan toka. Kullum da safe silifanta na ajiye a ƙofar banɗaki, ita tana ciki, shiru, har rana ta ɗaga. Mu yi ta jira da buta a hannu, ba mai ƙwanƙwasawa, don a gidanmu ba a maganar abin da ke bayan wannan ƙofar. Dangin Baba suka ce son jiki ne. Mai kemis ya ce basir ne, ya yi ta ba ta maganin wankin ciki. Wata rana ta kwanta barcin rana, shi ke nan.

Da rigunanta na koyi ɗinki. Wuyansu ne kullum ke matse ta, sai ta miƙo min almakashi ta ce, “Auta, ɗan ƙara buɗe min.”

Shekaru suka ja. Ranar nan na biya gidan Yaya da safe zan karɓi zare, sai na ga silifa a ƙofar banɗaki. Na zauna. Na gaji da zama. 'Yarta ta ce min a hankali, “Haka take yi yanzu, wani lokacin mako ya zagayo ba ta samu ta yi ba.” Da ta fito tana dafa bango, rigar sanyin nan ce a jikinta, ruwan tokar. Ta ce, “Auta, kin zo?” da muryar Inna sak.

Na ɗauki zarena na gudu.

Daga nan abin ya yi ta matsowa. Gashinta na zuba, fatarta ta bushe, tana cin kaɗan tana ƙara nauyi. A shago ta daina waƙa. Mai shagon ya same ta tana gyangyaɗi a tsaye da dutsen guga a hannu, cikin zafin nan, sanye da rigar sanyi. Ya ce, “Guguwa, ko dai hawainiya za mu koma ce miki?” Aka yi dariya, ita ba ta ko ɗago ba. Iya, ƙanwar Inna, ta daina zuwa gidan gaba ɗaya. Ta ce min, “Ba zan iya binne 'yar'uwata sau biyu ba.”

Ba zama Yaya ta yi ba. Ta je kemis don matsalar ciki, aka ce basir. Ta sayi man gashi a wurin mai kitso. Kasala kuwa ta ce shekaru ne. Kowace damuwa da inda aka kai ta, ba wanda ya taɓa jin su a haɗe. Ta je asibiti ma, amma da likita ya tambaye ta me ke damunta sai ta ce, “Ɗan ciwon ciki ne.” Ɗan ciwon ciki! Kunya ta hana ta ƙarasawa, ta dawo da maganin ulsa.

Sai ga ta a shagona da rigarta ta zuwa biki. Ta miƙo min ita, ta ɗauki almakashina daga kan keke ta haɗa min. “Auta, ɗan ƙara buɗe min wuyan.”

Ni na ɗinka rigar nan, na san wuyanta daidai yake. Na taɓa gaban wuyan Yaya, na ji wani tudu mai taushi a inda nake jin na Inna. Na ce, “Ba zan buɗe ba. Na buɗe wa Inna har ta mutu. Tashi mu tafi.”

A gaban likitar, wata mace mai tabarau, Yaya ta sake farawa da “ɗan ciwon ciki”. Na ce a'a, yau kam kunya ta ci kanta. Na zazzage komai: zaman banɗaki, sanyi, gashi, murya, barci, wuya. Yaya na mintsini na ta ƙarƙashin tebur, ni ko a jikina. Likitar ta tattaɓa wuyan, ta tura mu gwajin jini. Da sakamako ya fito ta ce akwai wani ɗan abu a gaban wuya da ke ba jiki umarnin sauri. In ya yi rauni komai sai ya yi sanyi, har hanji, abinci ya daɗe a ciki ya bushe. Wankin ciki ba ya kai wa ga tushen. Ta rubuta ƙwaya, guda kullum da safe kafin a ci komai, har tsawon rai. Ƙwayar ba ta kai maɓallin rigar jariri ba.

Likitar ta ce, “Akwai mai irin wannan a danginku?”

Yaya ta dube ni. Ta ce, “Innarmu. Da an ba ta wannan, da ta rayu?”

Likitar ta ce ba za ta iya rantsewa a kan wadda ba ta gwada ba. Amma ta sunkuyar da kai.

Sauƙin bai zo a rana ɗaya ba. A hankali fuska ta saɓe, silifa suka daina daɗewa a ƙofa, rigar sanyi ta koma akwati. Na lallaɓi Iya da ƙyar na kai ta shagon gugar, don ta ga fatalwar da take tsoro ta tafi. Tun daga bakin ƙofa muka jiyo Yaya cikin tururi, tana waƙa da muryarta tangaram, tana yi wa wani mai kaya tsiya a kan kwalarsa.

Iya ta tsaya cak, ta riƙe hannuna gam. Na ce, “Kin gani ko? Ba Inna ba ce, Yaya ce ta dawo.”

Hawaye na bin fuskarta. Ta ce, “Ke yarinya, me kika sani? Waccan mai rigar sanyin ba ita ce uwarki ba. Wannan ce. Haka take waƙa, a kan teburin nan, kafin a haife ki.”

Na jingina da ƙofa ina saurare. Ban taɓa jin muryar uwata ba sai ranar.