Kabarin da na auna da ƙafata

A shekarun da ma'aikatun gwamnati ke tasowa daga Legas zuwa sabon babban birnin ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Gwagwalada. Akwai darasin da na fi so. Nakan zana bakin teku a allo, in nuna yadda jirgin ruwan yaƙi zai iya tsayawa ya harbi fadar shugaban ƙasa. Sai in ɗora alli a tsakiyar taswira in ce, nan duwatsu sun kewaye, kuma fili ne da babu kowa.

Wata rana wata ɗaliba 'yar manoma ta ɗaga hannu.

"Malam, da kowa. Kakana yana wurin."

Ajin ya yi dariya. Wani ya ce, "To shi ne minista na farko ke nan!"

Ranar Asabar ɗalibar ta zo da kakan nata. An tashe su daga ƙauyensu, sun bar kabarin matarsa a bayan ɗaki, kamar yadda suke binnewa. Yana so ya tsaya a kansa sau ɗaya kafin ya mutu. Jikarsa ta gaya masa malaminta ya san taswira.

Muka hau mota zuwa cikin birni. Dutsen da ya kwatanta yana nan, an fasa rabinsa an yi tsakuwa. Na tambaye shi nisan gidan daga dutsen, ya amsa da 'yar Hausarsa.

"Malam, mace ya ɗauko doya a kafaɗa daga nan, ya fuskanci rafi. Inda zai fara sauke kaya ya huta, nan ne gida."

Na duba agogo, na ƙiyasta minti goma sha biyar, na yi gaba suna biye da ni. Muka tsaya a wani ɗan fili kusa da shataletale. Na ce nan ne. Tsohon ya cire hula, ya durƙusa, ya daɗe yana magana da ƙasa cikin yarensu.

Bayan mako biyu, a hanyar Sheda, na ga mata da dakon doya a kafaɗa. Na rage tafiya na bi bayansu. Kafin su sauke, ba su yi rabin nisan da na yi hannu sake ba. Na koma kan taswira. Gidan ya faɗa cikin katangar wani ofishin jakadanci, wajen da motoci ke fakin.

Ban gaya musu ba. Tsohon ya rasu a damina ta gaba, jikarsa ta ce ya tafi da kwanciyar rai.

Har yau idan na bi ta shataletalen nakan waiwaya. Wani lokaci nakan tarar an nome ciyawar wurin tsaf, an jera ƙananan duwatsu.