Mun Je Illela Neman Zoben Roba

Muna idar da sallar asuba ranar Lahadin da ta wuce muka kama hanyar Illela, ni da ƙanena da bakanikenmu. Ina tuƙi ina murmushi ni kaɗai, domin rabona da garin tun kafin a rufe iyaka. Yanzu an buɗe, kowa a Sakkwato sai labarin kayan da ke shigowa yake yi.

Abin da ya tayar da mu bai fi zoben ɗan yatsa girma ba. Likita ya sa wa Baba ranar aikin ido a Kano, ya kuma ja mana kunne cewa a hanyar dawowa kada iska ta bugi idon, a rufe gilasan mota ruf. Duk wanda ya san bazarar Sakkwato ya san rufe gilashi babu iyakwandishan gasa mutum ne da ransa. Motata tsohuwa ce ƙirar Faransa, kuma duk gas ɗin da aka ɗura mata sai ya zurare kafin mako ya zagayo. Bakanike ya gano cewa zoben robar da ke toshe mahaɗar bututun gas ne ya mutu. Mun zaga shagunan gari, abin da muka samu duk na famfon ruwa ne. Shi ya sa muka ɗauki gwangwanin gas ɗaya tak da ya rage masa, muka nufi iyaka.

Hanyar ba laifi har Kware, inda muka tsaya muka karya da koko da ƙosai mai zafi. Albasa jibge a bakin titi, araha kamar kyauta, har ƙanena ya so mu cika but ɗin mota tun ba mu je ko'ina ba. Daga nan ramuka suka fara, ga manyan motoci cike da shanu da raƙuma a jere, duk Illela suka dosa don cin kasuwa.

Mun ɗan wuce Gwadabawa sai na ga tururi na tashi daga gaban mota. Na gangara gefen titi na tsaya. Bakanike ya jira injin ya huce, ya buɗe murfin lagireto, ya nuna mana robar da ke cikinsa ta bushe ta tsattsage kamar tsohuwar ƙafar takalmi. Ashe ba zobe ɗaya ke ciwo ba. Ya yanko ɗan tsohon tub na taya ya liƙa na wucin gadi, wasu Fulani mata da ke jan ruwa a rijiya suka cika mana jarka suna yi mana dariya, muka lallaba muka ci gaba.

Illela ta cika ta batse. Babura na saƙawa tsakanin mutane, 'yan canji zaune kan tabarmi suna kiran "sefa, sefa", ga dogon burodin Ƙonni a tsaye cikin kwanduna kamar sanduna. Kasuwar dabbobi kuwa tun daga nesa kukanta ke tarbar mutum. Da tambaya muka kai rumfar wani Alhaji mai kayan mota, wanda iyalansa rabi suna nan rabi suna Ƙonni, tsallaken iyaka. Shi ke sayen kayan motocin da Turawa ke ketowa da su ta Sahara su sayar a Nijar.

"Mi kuka biɗa?" ya tambaye mu bayan gaisuwa.

Bakanike ya miƙa masa mataccen zoben. Alhaji ya jawo wata tasa ya zazzage a kan buhu. Zobba ne birjik, manya da ƙanana, duk baƙaƙe, duk kama ɗaya a idona. Na ɗauki wani na ɗora kan tsohon, na ga ya yi daidai, na ce an gama. Alhaji da bakanike suka girgiza kai. Tsohon ya riga ya baje saboda matsi, in aka auna da shi za a sayi wanda bai kai kauri ba. Sai da aka kwanto bututun daga mota aka riƙa gwadawa a raminsa.

Nan aka zauna zaɓe kamar masu tsintar shinkafa. Kowane zobe sai a lanƙwasa shi a rana a duba, in an ga 'yan tsage-tsage a jefar. Waɗanda suka tsira kuma gardama ta tashi a kansu. Bakanike ya fi son wani mai laushi, Alhaji ya ce wannan na ruwan zafi ne, mai zai kumbura shi, gas ɗin iyakwandishan kuwa tare da mai yake yawo. Babu wanda ya sakar wa wani. Ƙarshe aka zuba fetur a murfin kwalba, aka jefa ɗaya daga kowane iri, muka tafi cin abinci.

Balangun Illela ya cancanci tafiyar ko da ba mota. Muka haɗa da burodin nan mai ɓawo, muka kora da fura mai sanyin randa. Da muka dawo, mai laushin ya kumbura ya yi suntum, ɗayan yana nan yadda yake. Bakanike ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ka ci." Robar murfin lagireto kuma daga irin mai laushin aka zaɓa mana, tun da ruwa ne aikinta.

A ƙarƙashin wata darbejiya aka yi aikin. Bakanike ya shafa wa zoben mai, ya zaunar da shi a hankali kada ya murɗe, ya ɗaure. Ya saki gas kaɗan, ya shafa kumfar sabulu a mahaɗar, muka duƙa mu huɗu muna kallo. In kumfa ta hura, tafiyarmu ta tashi a banza, don ba mu da wani gwangwanin. Muka jira. Ko motsi ba ta yi ba. Ya juye sauran, na tayar da mota, na kunna iyakwandishan. Da farko iska mai ɗumi ta fito, can sai sanyi ya daki fuskata. Ban san lokacin da na yi kabbara ba. Har 'yan canji suka taso suna zura hannu ta taga.

Mun dawo gilasai a rufe, ƙanena na barci da buhun albasa a gefensa, allurar zafin inji ba ta ko ɗaga ba. Bayan la'asar muka iso gida. Na riƙo hannun Baba na shigar da shi mota, na rufe ƙofa. Ya lalubi inda iskar ke fitowa, sannan ya ce, "Kai, rage shi. Ido za a yi man aiki, ba mura nika biɗa ba."

Na koyi cewa kama ba ita ce dacewa ba, kuma kafin ka ɗora lafiyar wani a kan abu, ka gwada shi tukuna. Jibi in Allah ya yarda za mu kai Baba Kano. Ku sa shi a addu'a.