Muryar da Na Yi Alkawarin Gogewa

A gafarce ni da na ɗauki alƙalami. Ni Haerani, ɗalibar sakandare ce a garin Praya na ƙasar Indonesiya, kuma na san akwai malaman jami'a da suka fi ni cancantar yin rubutu a kan Ibu Rohmiati, wato Malama Rohmiati. Sai dai akwai wani abu nata a hannuna wanda ba ya hannun kowa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga watan Mayu, Allah ya karɓi ranta a wani asibiti a Mataram, bayan jinyar da ta ɓoye mana. A taron safe shugaban makaranta ya faɗa, sannan ya ci gaba da sanarwar jarrabawa. Ban yi kuka ba a ranar. Gajiya kawai na ji, kuma har yau ba ta sake ni ba.

Ibu, daga jami'a kika zo mana, kina binciken yadda yaran da suka tashi da harshen Sasak a gida suke karatu da Indonesiyanci a aji. Wata uku kina zaune a bencin baya da 'yar rikoda da agogo. Yara suka sa miki suna 'yar leƙen asiri. Ni kuwa tun aji ɗaya bebiya ake ce mini.

Ina share allo na ji kina gaya wa Pak Mahsun, malamin kimiyya, abin da agogonki ya nuna: in ya yi tambaya, daƙiƙa biyu yake jira ya wuce.

"Ka jira daƙiƙa bakwai, Pak. Ka gwada ko na mako ɗaya."

"Haba Ibu, bakwai? Ai sai in je in sha kofi in dawo, Haerani ba ta buɗe baki ba."

Amma ya gwada. Ya tambaye ni abin da ya sa gishiri ke fitowa in ruwan teku ya bushe. Amsar tana kaina da Sasak kamar kullum, lokacin juya ta zuwa Indonesiyanci ne ba a taɓa ba ni ba. A daƙiƙa ta shida na faɗe ta. Ba ki ɗago kai ba, amma na ga murmushinki.

Daga nan kika zo gidanmu don ki ji yadda nake magana inda ba na tsoro. Kakata, Papuk Rumenah, tana kan saƙa, ta harari rikodar.

"Wannan 'yar abar ce za ta kai ni ƙara wurin matar ɗana?"

"A'a, Papuk. Za a rubuta maganar, a canza sunaye, sannan a goge muryar. Alkawari ne."

"To ki sa mini sunan budurwa. Kuma ki ci shinkafar nan, duk kin bushe kamar sandar saƙata."

Kika yi dariya har da tari. Ban san tarin na ciwo ba ne. Papuk kuwa ta saki baki minti arba'in, ta taɓa matar ɗanta, ta taɓa maƙwabta, ta faɗi abin da bai kamata ya fita daga gida ba.

Kika bar mini rikodar, kika koya mini aikin: a rubuta komai, har shiru, har dariya, a sa tsawon kowanne. Kika ce, "In kin gama ki goge da hannunki, Haerani. Amanar Papuk ce, ba tamu ba." Na ce to.

Minti ɗaya yana cin rabin awa, ga jarrabawa, sai na yi ta jan aikin har kika bar duniya ba ki gani ba. Jiya bayan la'asar na gama, littafi biyu cike. Yatsuna na ciwo, kunnuwana sun gaji. Saura gogewa. Amma muryarki tana ciki, Ibu, a haɗe da ta Papuk, kuma ba ni da ita a wani wuri. Sau uku ina ɗora yatsa a kan maɓallin ina janyewa.

Na gaya wa Papuk, ina fatan ta ce in bari.

"Ke, matar nan ta ci abincina ta yi mini alkawari. So kike ki mayar da ita maƙaryaciya tana kabari?"

Tana faɗa tana share ido da bakin zane. Abu ɗaya ta yarda da shi: wurin dariyar nan, daƙiƙa tara, iyalinki su ji.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Pak Suhaili, da 'yarku Maulida, da ɗalibanki. In kun yarda, ranar addu'ar arba'in zan kawo littattafan da rikodar, mu saurari daƙiƙa taran nan sau ɗaya, in goge a gabanku. Allah ya jiƙan Ibu, ya yafe mata, ya haskaka kabarinta, ya sa jinyarta ta zama kaffara. Ya ba ku haƙurin rashinta.

Ibu, ki ba ni izinin in sake rubuto miki sau ɗaya. Ba zai wuce layi guda ba. In gaya miki na goge ne kawai.