Tsohon da ke kankare tuffa da cokali

A bencin masu jiran likita yake zaune, tsoho siriri, hularsa a kan gwiwa, bakinsa ba haƙori ko ɗaya. Ya raba tuffa biyu, yana kankare tsokarta da ƙaramin cokali, yana kaiwa baki a tsanake. Cokalin ya sha aiki har bakinsa ya cinye. Ina jin matarsa ce ke saka masa shi a aljihu kullum da safe.

Ni kuwa da na ishi 'yan ofis da wa'azin amfanin tuffa ga zuciya da hanji, tawa tana can cikin firji ta yamutse. Ga ni da kwalbar lemo a hannu, ina jiran awon hawan jini.

"Baba, ka san tana rage kitse a jini?" na ce masa, don ba na iya yin shiru.

"Haka likita ya ce, ɗana." Ya dubi tumbina, ya dubi kwalbar, sannan ya miƙo mini ɗaya ɓarin. "Ungo. Kai da Allah ya bar maka haƙoranka, me kake jira?"