Shafi na Uku na Rahoton Ramla

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Binta. Hawan jini ne ya kayar da ita a nan New York, ta yi jinyar kwana huɗu a wani asibiti a Bronx, ta tafi ta bar miji da 'ya'ya biyu: Ramla, mai shekara goma sha biyu a lokacin, da ƙaninta Sadiƙu. Duk shekara idan watan ya zagayo, abin da na saba shi ne in dafa abinci in kai masallaci sadaka, in yi mata addu'a, in kama bakina. Bana ba zan kama baki ba. Wata tsohuwar takarda ta fito daga akwati ta shiga tsakanin Ramla da uwarta, kuma akwai hannuna a cikin abin da aka rubuta.

Duk wanda ya san Yaya Binta ya san ba ta karɓar abu sai ta juya ta ga bayansa. Aikinta kula da tsofaffi a gidajensu, kuma ko maganin da likita ya rubuta musu sai ta ƙirga ƙwayoyin ta sake ƙirgawa. In mai kanti ya cika yi mata murmushi, sai ta ƙara duba madarar da ya miƙo mata. Na sha ce mata, "Yaya, zato fa zunubi." Sai ta ce ta ji, za ta yi istigfari in ta gama bincike. Tare muke zaune a unguwar Highbridge a hawa na biyar, ni ina karatu, ita tana aiki, mijinta yana tuƙin tasi daga safe har magariba.

Ramla na da shekara tara makaranta ta aiko da wasiƙa. Malamarsu ta ce yarinyar tana fara aiki ta bari a rabi, tana karanta layi ta tsallake na gaba, ana magana tana kallon taga. Mu a gida mun san da haka. Ka aike ta ɗauko gishiri, sai ka same ta a ɗaki tana jera takalma ta manta abin da ya kai ta. Shiririta muke ce wa abin. Makarantar kuwa ta ce a kai ta wajen likitar da ke gwada yadda ƙwaƙwalwar yara ke aiki, kuma ba za mu biya komai ba.

Wannan kyautar ce ta fara tayar wa Yaya da hankali. Ta ce banza ba ta kai zomo kasuwa, balle a garin nan. Tsoronta a fili yake: za su rubuta cewa yarinya tana da taɓin hankali, rubutun ya bi ta har ta girma, ko su ɗora ta a kan ƙwaya, ko ma wata rana a ƙwanƙwasa ƙofa a ce an zo ɗaukar yara. Mako uku tana yawo da wasiƙar a jaka tana tambayar mata a masallacin unguwar Morrisania. Wata 'yar Kumasi ta ce ɗanta ya amfana, wata 'yar Damagaram ta ce ko da wasa kada ta sa hannu. Ni ce na matsa mata har ta sa, don a lokacin gani nake duk abin da ya fito daga ofis gaskiya ne.

Kwana biyu aka yi ana gwajin. An ba Ramla 'yan katakai masu fari da ja ta haɗa su su yi daidai da zane. An karanto mata lambobi ta maimaita su daga ƙarshe zuwa farko. An zaunar da ita gaban kwamfuta ta riƙa danna maɓalli in wani harafi ya fito, ta riƙe hannunta in wani ne. An sa ta karanta kalmomin da ba su da ma'ana, don a ga ko tana jin sautin baƙaƙe ko haddacewa kawai take yi. Yaya tana zaune a waje, jaka a kan cinya, ko ruwan da suka kawo mata ba ta sha ba.

A rana ta biyu likitar ta kira mu ciki, ni ce tafinta. Baturiya ce mai sanyin murya, ban ga mugunta a tare da ita ba, kuma har yau ban ce tana da ita ba. Ramla na gefe tana zane. Likitar ta tambayi Yaya abin da 'yarta ta fi iyawa.

Yaya ta ce, "Wa, waccan? Me ta iya ban da ci da barci?"

Na juya maganar zuwa Turanci yadda ta fito, ban rage ba, ban ƙara ba. Likitar ta ce ai Ramla ta wuce sa'o'inta nesa wajen haɗa zane, yarinya ce mai kaifin basira. Yaya ta kawar da kai, ta gyara wa Sadiƙu hula, ta ce, "To." Sai likitar ta juyo gare ni ta ce ta lura tun jiya uwar ba ta kira sunan yarinyar ko sau ɗaya ba, ba ta ma kallonta, ko akwai wani dalili?

Kowane Bahaushe da ke karanta wannan ya san dalilin. Ramla 'yar fari ce, Yaya kuma rainon tsofaffin Zariya ce, masu riƙe alkunya da gaske. Uwa ba ta faɗar sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta nuna ya dame ta. Bayanin minti biyu ne. Amma ni a lokacin ina ji da Turancina, kunya ta kama ni in tsaya gaban mai digiri ina zayyana abin da nake wa kallon ƙauyanci. Sai na ɗaga kafaɗa na ce, "Haka take." Likitar ta sunkuya ta rubuta.

Rahoton ya zo da shafi goma sha biyu. A kan Ramla, gaskiya suka faɗa tsantsa: basira akwai, amma hankalinta ba ya zama wuri ɗaya, abu ba ya daɗewa a kanta kafin ta yi aiki da shi, kuma haɗa baƙaƙe da sautinsu yana ba ta wahala. Suka ce a zaunar da ita a gaban aji, a ƙara mata lokaci a jarrabawa, a riƙa kai ta horo. Duk na fassara wa Yaya. Shafi na uku ne kawai na tsallake. A nan aka rubuta cewa uwar ba ta kiran yarinyar da sunanta, tana kauce wa kallonta, tana ture yabon da aka yi mata, alhali tana jan ƙaramin a jiki, kuma mai yiwuwa wannan nisa yana ƙara wa yarinyar damuwa. Yaya ta rasu ba ta san da shafin ba.

Horon kuwa duk Asabar ne, bas biyu zuwa, bas biyu dawowa, kuma Yaya ba ta taɓa fashi ba, ko da ta kwana biyu tana aiki a tsaye. Zuwan bai sa ta yarda da su ba. Akwai wani atisaye na kwamfuta inda 'yan akwatuna ke haskawa ɗaya bayan ɗaya, yaro ya tuna jerinsu. Ta ce wasa ne suka sa masa rigar magani, kuma ba abin da za a zuba wa yarinya a kai ba ta ɗanɗana ba. Ta sa aka saka mata shi a wayarta. Matar da iyakar karatun bokonta firamare, sai ga ta a gidan tsohuwar da take kula da ita, in tsohuwar ta yi barcin rana, tana bin kowane mataki kafin Ramla ta kai gare shi.

Bayan wata huɗu ta yanke hukuncinta. Ta ce ita dai ta ƙware a wasan, amma har yanzu tana manta inda ta ajiye makulli, don haka wasan kansa kawai yake koyarwa. Wadda ta yarda da ita ita ce malamar da ke zama da Ramla tana koya mata yanka aikin gida gunduwa-gunduwa, a saita agogon kicin minti goma, a yi, a huta, a koma, da kuma bin sautin baƙaƙe da yatsa. Ta ce wannan aiki ne, ana ganin guminsa. Ta sayi agogon, ita ke saita shi kullum bayan la'asar, ta ajiye a gaban Ramla ba tare da ta ce komai ba, ta koma ga tukunyarta.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Ka shiga jirgin ƙasa, ga tallar manhajar da wai za ta wasa maka ƙwaƙwalwa cikin mako biyu. Ka buɗe waya, ga wata yarinya a bidiyon minti ɗaya tana lissafa alamomi biyar, kowa ya kalla ya ga kansa a ciki. Matan da jiya suke hana juna sa hannu, yau su ke tambayar juna wane likita ne ba a daɗewa a layinsa. Na san da ta taɓe baki ta ce ruwa ba ya tsami banza. Ni ma yanzu haka nake, duk rahoton da aka miƙo mini sai na tambayi wa ya yi tafinta, me aka tambaya, me aka ƙi tambaya. Sai dai ba zan yi butulci ba. Ramla tana kwaleji tana karatun zanen gine-gine, kuma ban ga yadda za ta kai can ba in ba don gwajin nan da Asabar ɗin nan ba.

Kwalejin ce ma ta nemi tsohon rahoton kafin ta ƙara mata lokacin jarrabawa. A hannuna Ramla ta tashi tun bayan rasuwar, takardunta duk suna wajena. Na ɗauko na ba ta, na manta da abin da ke ciki. Washegari da rana ta same ni a kicin da shafi na uku a hannu. Da Turanci take magana, kamar yawancin yaranmu, ni ina ba ta amsa da Hausa. Ta ce dama ta daɗe tana zargi, yanzu ga shi likita ta rubuta: uwarta kunyarta take ji saboda ita ce daƙiƙiyar gidan. Ta ce tana tuna yadda ake kiran Sadiƙu sau goma a wuni, ita kuwa sai dai "ke" ko "waccan".

Zuciyata ta karye, ba zan ɓoye ba. Na zaunar da ita na yi mata bayanin da ya kamata in yi wa likitar shekara goma da suka wuce. Na gaya mata zancen bas huɗu da zancen waya, na kuma faɗa mata abin da na ce a ofishin nan. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Anti, kin ce wa likita haka take, ni kin ce mini al'ada ce. Ta yaya zan san ba lallashina kike yi ba?"

Tambayar tana kan hanya. A gida alkunya ba ita kaɗai take tafiya ba. Ɗan fari yana da kaka da ke goya shi, da gwaggo da ke shagwaɓa shi, da unguwa guda da ta san shirun uwa ba ƙiyayya ba ne. Mu mun ɗauko shirun mun hau jirgi da shi, mun baro kakar da unguwar a Zariya. Yarinya ta tashi a ɗaki biyu a hawa na biyar, tana ganin iyayen ƙawayenta suna rungume su a ƙofar makaranta. Ba laifinta ba ne in ta fassara abin da idonta ya gani.

Mako biyu ba ta sake tayar da zancen ba, ranar sadaka ma ta ce tana da karatu. Sai ranar Lahadi da safe ta ɗauki wayata ta kira mahaifiyarmu, Hajiya, a Zariya, ta buɗe murya yadda zan ji. Hajiya ta fara tsokanarta kamar kullum, wai 'yar Amurka ta tuna da ƙawarta. Ramla ba ta yi dariya ba. Da Hausarta mai ɗingishi ta ce, "Hajiya, mene ne sunan mamana?"

Yaya Binta ita ce 'yar farin Hajiya. Muna jin kukan awaki daga can.

Hajiya ta ce, "Ke, wace irin tambaya ce wannan? Tambayi antinki."

"Ke nake tambaya, Hajiya."

"Shekara arba'in tana raye ban faɗa ba," in ji Hajiya. "Yanzu da ta riga ni kike so in fara?" Sai tsohuwar ta fashe da kuka, irin wanda ko ranar da aka kai mata labarin rasuwar ba a ce ta yi ba. Ramla ta riƙe wayar da hannu biyu tana cewa "yi haƙuri, Hajiya," ita ma hawaye na zuba, ba ta kashe ba sai da kakarta ta yi shiru.

Ban tambaye ta abin da ta yanke ba, ita ma ba ta faɗa ba. Na dai ga washegari ta nemi in kwatanta mata layin da kabarin mahaifiyarta yake. In aka ce in auna abin da ya rage na Yaya Binta a duniya, ba dukiya ba ce, kuma ba shafi na uku ba ne. Ta bar yarinyar da ba ta yarda da likita ba, ba ta yarda da ni ba, sai da ta je ta bincika da kanta. Allah Ya jiƙan Yaya Binta, Ya yafe mata zarginta, ni kuma Ya yafe mini gangancina. Na ambaci sunanta sau da yawa a rubutun nan domin ni ƙanwa ce, ba a hana ni ba. Wadda ta fi ni sonta tana Zariya, har yau ba ta iya faɗarsa.